Madubin tagulla na tsohuwar ƙasar Sin: yadda ake ganin fuska a cikinsa, da abin da zanen bayansa yake faɗa

Tambaya: Ina zuwa Guangzhou saro kaya. A gidan tarihin kabarin Sarkin Nanyue na ga wasu faya-fayan ƙarfe kore-kore, cike da zane, an rubuta cewa madubai ne. Ta yaya mutum zai ga fuskarsa a abin da zane ya cika haka? Sannan wani mai shago ya nuna mini irinsu, ya ce sun shekara 2,000. In saya?

Amsa:

Ɗan'uwa, abin da aka nuna maka a cikin gilashin nan bayan madubi ne. Fuskar tana ɗaya gefen, an kife ta ko an jingina ta, domin bayan shekara 2,000 a ƙarƙashin ƙasa tsatsa ta kashe haskenta. Koren nan ma ba da shi aka ƙera madubin ba, ƙasa ce ta shafa masa. Ranar da ya fito daga hannun maƙeri fari ne tas, ya fi kama da azurfa, fuskarsa sumul, mace tana zama gabansa ta ja gira ta gyara gashinta. Wanda bai riƙe wannan a ransa ba zai ɗauka faifan ado ne kawai, alhali kayan amfani ne na kullum, kuma wahalar da aka sha a kan fuskar da aka ɓoye maka ta kai wadda aka sha a kan zanen, ko ma ta fi.

Amsar tambayarka ta farko tana cikin ƙarfen. Tagulla haɗi ce ta jan ƙarfe da kuza, ƙarfen nan da aka daɗe ana haƙa a tsaunukan Jos. Tagullar tukwane da kofunan sarakuna kuzarta ba ta da yawa, shi ya sa launinta yake ja-ja ko rawaya. Ta madubi daban ce. Madubin zamanin daular Han, wadda ta mulki ƙasar Sin wajen shekara 2,000 da suka wuce, idan aka gwada shi, akan sami jan ƙarfe wajen kashi 70 cikin 100, kuza kashi 23 zuwa 25, sai dalma wajen kashi 5. Yawan kuzar ne yake mayar da ƙarfen fari, ya sa shi tauri, tauri kuwa shi ne yake bari a goge abu har ya yi sheƙi ba tare da ya cika da ƙarce ba. Dalmar tana sa narkakken ƙarfen ya kwarara ya shiga kowane siririn layi na zanen. Sinawa sun san wannan tun da wuri: tsohon littafinsu na sana'o'i mai suna Kaogongji ya kawo haɗin tagulla iri 6, kuma na madubi shi ne ya fi kowanne yawan kuza.

Amma wannan haɗi yana da tsadarsa. Tagullar da kuza ta yi mata yawa haka ba ta lanƙwasuwa, ba ta kuma karɓar guduma. Idan ta faɗi a kan dutse fashewa take yi kamar tangaran. Shi ya sa za ka ga madubai da yawa a gidajen tarihi an harhaɗa su daga gutsattsari, shi ya sa kuma ba a buga madubi a kan uwar maƙera, zuba shi ake yi. Ana yin mazubi na yumɓu mai ɓari biyu, ɗaya sumul don fuska, ɗaya ɗauke da zanen a juye, a gasa su, a haɗe, a zuba narkakken ƙarfe. A Linzi da ke lardin Shandong, tsohon babban birnin ƙasar Qi, an tono gutsattsarin irin waɗannan mazubai na zamanin Han, aka tarar maƙeran suna cuɗa yumɓun da tokar ɓawon shinkafa. Tokar tana barin ƙananan ƙofofi a jikin yumɓun, iskar da zafi ya tayar ta sami hanyar fita, ba ta maƙale ta bar ramuka a fuskar madubin ba. Rami ɗaya a tsakiyar fuska ya isa ya ɓata aikin gaba ɗaya.

Da an fasa mazubi, aiki bai ko kai rabi ba. Wani littafi mai suna Huainanzi, wanda aka miƙa wa sarki a shekara ta 139 kafin miladiyya, ya ce madubi idan ya fito daga mazubi dishi-dishi yake, ba a ganin siffa a cikinsa, sai an barbaɗa masa "baƙar kuza" an murza da farin ƙyallen ulu, sannan a iya ganin silin gashin gira. Kafin a kai nan an riga an wasa fuskar da duwatsu, daga mai kaushi zuwa mai laushi. Garin da ake barbaɗawar, yawancin masu bincike suna ɗaukarsa haɗin kuza da zaiba ne, wanda yake barin siririn farin rufi a kan ƙarfen. Rufin ba ya dawwama. Damshi da gumin hannu suna dusashe shi, dole a riƙa sabuntawa. Wannan ya haifar da sana'a guda: masu goge madubi, waɗanda suke yawo unguwa-unguwa suna kaɗa wasu ƙarafa da aka jera a igiya, kamar yadda mai yankan farce yake kaɗa almakashi, matan gida su ji su aiko da madubansu. Sana'ar ta rayu har zuwa lokacin da madubin gilashi ya kashe ta.

Akwai wata dabara kuma da ido ba ya saurin kamawa. Yawancin madubai ba su wuce tafin hannu ɗaya ko biyu ba a faɗi, santimita 10 zuwa 20. Ƙaramin madubi shimfiɗaɗɗe ba zai ɗauki fuska duka ba. Sai maƙeran suka riƙa ba fuskar ɗan doro, ta ɗan kumburo a tsakiya, siffar mutum ta ƙanƙance ta shiga ciki. Masanin nan Shen Kuo, wanda ya rayu daga 1031 zuwa 1095, ya rubuta cewa mutanen da suna daidaita doron da girman madubin, babba su bar shi a shimfiɗe, ƙarami su kumbura shi, kuma ya koka cewa mutanen zamaninsa idan suka sami tsohon madubi sai su kankare shi ya baje, su ɓata shi. Ɗan tudun nan mai huda da ka gani a tsakiyar bayan madubi, wurin zura igiyar alharini ne. Da ita ake riƙe shi a hannu, ko a ɗaura shi a kan mariƙi na katako.

Asalin abin ya fi daular Han nisa sosai. Madubai mafi tsufa da aka samu a ƙasar Sin sun fito ne daga arewa maso yamma, yankin Gansu da Qinghai, a wurin mutanen da masu haƙar kayan tarihi ke kira al'adar Qijia, wajen shekara 4,000 da suka wuce. Ɗaya daga cikinsu, na Gamatai, bai wuce santimita 9 ba, da zanen tauraro mai tsini 7. A kabarin Fu Hao, matar Sarki Wu Ding na daular Shang, wanda aka tona a Anyang a 1976, an sami madubai 4 a cikin ɗaruruwan kayan tagulla. Abin lura shi ne zanensu layuka ne kawai, bai yi kama da adon manyan tukwanen Shang ba, ya fi kusa da kayan makiyayan arewa. Mutanen Shang sun fi kowa iya zubin tagulla a zamaninsu, amma madubi bai dame su ba. Masu hali suna zuba ruwa a faffaɗan kwano na tagulla, su sunkuya su duba fuskarsu.

Sai a zamanin yaƙe-yaƙen ƙasashe, daga 475 zuwa 221 kafin miladiyya, madubi ya bazu. Ƙasar Chu da ke kudu ta yi fice, kaburburan Changsha sun ba da su da yawa. Madubin wannan zamani siriri ne, mara nauyi, tudun igiyarsa ƙarami. Shimfiɗar bayansa cike take da ƙananan zane kamar gashin tsuntsu, a kai kuma a ɗora manyan siffofi. Wanda ya fi shahara shi ne mai wata alama da ta yi kama da harafin Sinanci na "tsauni", a karkace, sau 3 ko 4 ko 5 ko 6 kewaye da tsakiya. Mai 4 ya fi yawa, mai 6 ba kasafai ake samunsa ba, kuma akwai ɗaya a cikin madubai fiye da 30 da aka fitar daga kabarin da ka ziyarta, na Zhao Mo, wanda ya rasu a 122 kafin miladiyya, aka gano kabarinsa a 1983. Irin wannan madubi mai alamar tsauni ya kai har kaburburan makiyayan Pazyryk a tsaunukan Altai na Saiberiya.

A ganina, wanda yake son ya fahimci waɗannan madubai to ya tsaya a kan daular Han, daga 206 kafin miladiyya zuwa 220 miladiyya, domin a lokacin ne madubi ya fara magana. Rubutu ya shigo bayansa, ya kewaye shi, kuma abin da aka rubuta ba sunan sarki ba ne ko labarin yaƙi. Buri ne na mai gida. Wani ya ce, "Ka ga hasken rana, duniya ta yi haske." Wani ya ce, "Mu daɗe muna tuna juna, kada mu manta da juna," irin wanda ake ba mata ko miji idan tafiya ta kama. Wani ya roƙi iska da ruwan sama su zo a kan lokaci, hatsi iri biyar su nuna, iyaye biyu su daɗe. Wani ya roƙi 'ya'ya da jikoki, wani babban muƙami, wani ciniki mai riba. Na karanta rubuce-rubucen fada na wannan zamani, amma ba su taɓa kusantar da ni ga mutanen ba kamar waɗannan gajerun layuka. Mutum ya sa an zuba masa fargabarsa da fatansa a ƙarfe, ya ajiye a inda zai taɓa kowace safiya.

Akwai talla ma a ciki. Madubai da yawa suna cewa Shangfang ne ya yi su, wato ma'aikatar da ke ƙera kayan fada, kuma yawansu ya nuna cewa maƙeran kasuwa ma suna ara sunan. Waɗansu suna yabon ƙarfensu, su ce jan ƙarfe ne mai kyau daga Danyang, an haɗa shi da azurfa da kuza, ya fito garau. Na zamanin Wang Mang, wanda ya ƙwace mulki ya kafa daular Xin daga shekara ta 9 zuwa 23 miladiyya, sukan ambaci sunan daularsa, abin da yake taimaka wa masu bincike su san shekarunsu. Kuma sau da yawa za ka ga jimla ta yanke a tsakiya ko an tsallake haruffa, saboda da'irar ta cika kafin maganar ta ƙare.

Zanen da ya fi kowanne zurfi a wannan zamani shi ne wanda Turawa suka laƙaba wa TLV, saboda wasu alamomi a jikinsa masu kama da waɗannan haruffa uku. Ka duba tsarinsa. Madubin da'ira ne, a tsakiyarsa akwai murabba'i kewaye da tudun igiya. A tunanin Sinawan da, sama da'ira ce, ƙasa murabba'i. A cikin murabba'in an jera haruffa 12 da suke lissafin lokaci da kusurwoyi da su. Alamomin nan uku kuwa su ne a kan allon wani wasa mai suna liubo, wanda ake yi don nishaɗi, ake kuma dangantawa da duba. A fili tsakanin murabba'i da da'ira akwai dabbobi huɗu masu tsaron kusurwoyin duniya a imaninsu: dodon nan mai jikin maciji da ƙafafu da suke kira lung a gabas, farar damisa a yamma, jan tsuntsu a kudu, baƙin kunkuru da maciji ya naɗe a arewa. Ba sai mun yi hasashen ma'anar ba, domin rubutun da ke kewaye yakan faɗa da kansa: lung a hagu da damisa a dama suna kore mugun abu, jan tsuntsu da baƙin kunkuru suna daidaita yin da yang (ƙarfi biyu masu kishiyantar juna a tunaninsu, kamar duhu da haske), 'ya'ya da jikoki su cika su zauna a tsakiya. Ke nan madubin taswirar duniya ce a daidaice, mai shi da iyalinsa a cibiyarta. Idan ya zura yatsa a igiyar, daidai tsakiyar ya riƙe.

Wani rubutun da ake yawan gani yana cewa a kan madubin akwai waɗanda ba sa mutuwa, ba su san tsufa ba, in sun ji ƙishi su sha daga maɓuɓɓugar dutse mai daraja, in sun ji yunwa su ci magarya. Irin magaryar ƙasarsu ake nufi, wadda ta fi tamu girma. Daga baya, a ƙarni na 2 da na 3, maƙeran kudu a Shaoxing da Ezhou suka cika bayan madubi da siffofin abubuwan bautarsu a tashe, musamman Xiwangmu, sarauniyar yamma wadda suka yi imani tana riƙe da maganin dawwama, da takwaranta na gabas.

Daga nan za ka gane dalilin da ya sa kusan duk madubin da ke gidan tarihi daga kabari ya fito. Wani ɓangare na dalilin mai sauƙi ne: ana binne mutum da kayan kwalliyarsa. A Mawangdui kusa da Changsha, a kabarin matar wani hakimi da aka tona a 1972, an sami madubi a cikin akwatin kwalliya, da rigarsa ta alharini da abin goge shi. Ɗaya ɓangaren kuwa imani ne cewa madubi yana haskaka duhu, yana kuma tona asirin abin da ya ɓoye kamanninsa. Ge Hong, malamin addinin Dao na ƙarni na 4, ya rubuta cewa masu shiga tsaunuka suna rataya madubi a bayansu, domin iska ko dabbar da ta rikiɗe ta zama mutum ainihin siffarta za ta bayyana a ciki. Ana sa madubi kusa da kan mamaci ko a ƙirjinsa. Sau da yawa sawun zaren ƙyallen da aka naɗe shi da shi yana nan a cikin tsatsar, ana iya ganin saƙar.

Ba duka ne ƙanana ba. A wani ramin kayan binne na Sarkin Qi a yankin Zibo an fitar da madubi mai kusurwa huɗu, tsawonsa ya ɗan haura santimita 115, nauyinsa kilo 56 da rabi. A kabarin Liu He kuwa, wanda ya yi sarauta kwana 27 kacal a shekara ta 74 kafin miladiyya kafin a tuɓe shi, an sami babban madubin sa tufafi a Nanchang, kuma a jikin katakon da aka sa shi akwai hoton Confucius, babban malamin hikimar Sinawa, mafi tsufa da aka sani.

Akwai wani iri da mutane ke yawan tambaya a kai, wanda Sinawa suka ce haske yana ratsa shi. Fuskarsa sumul take kamar ta kowane madubi, amma idan ka tara ta ga rana ka jefa hasken a bango, sai zanen baya da rubutunsa su fito a cikin hasken. Gidan tarihi na Shanghai yana da irinsa na zamanin Han. Haske ba ya ratsa tagulla. Abin da ke faruwa shi ne kaurin madubin ba ɗaya ba ne: inda zane yake ya fi kauri, inda babu ya fi siranta. Wajen hucewa bayan zubi, da wajen kankara da goga, wuraren sirara suna ɗan kumbura fiye da masu kauri. Bambancin ya yi ƙanƙantar da ido ba zai gani ba, yatsa ba zai ji ba, amma ya isa ya sa wani wuri ya tara haske wani ya warwatsa shi, kuma nisan bango yana ƙara girman bambancin. Shen Kuo ya kusa cimma wannan bayani tun a ƙarni na 11, da ya yarda cewa siririn wuri yana riga mai kauri hucewa. Ya kuma lura cewa wasu madubai masu siranta iri ɗaya ba sa yin haka, ya ce lallai mutanen da suna da wata dabara tasu. Masana kimiyyar Turai sun dawo kan batun a ƙarni na 19 bayan sun ga irinsa a Japan.

Daular Tang, daga 618 zuwa 907, ta sauya ɗabi'ar madubi. Taswirar duniya da dogon rubutu suka ja baya, jin daɗin ido ya shigo gaba. Madubin ya yi kauri, ya yi nauyi, ya yi fari ƙal. Ya daina zama da'ira kawai, aka sami mai kunnuwa 8 kamar fure, da mai kusurwa huɗu. Wanda ya fi yin tashe a ƙarshen ƙarni na 7 da farkon na 8 shi ne mai zakoki da inabi: dabbobi suna tsalle a cikin rassan inabi masu nauyin 'ya'ya, tsuntsaye da ƙwari a gefe, tudun igiyar kansa an mayar da shi dabba a durƙushe. Zaki ba dabbar ƙasar Sin ba ce, inabin ma daga tsakiyar Asiya ya shigo, don haka madubin shaida ne na yadda Chang'an, babban birnin daular, ya buɗe ƙofa ga fatake daga yamma. Masu kuɗi sun wuce nan: a lulluɓe bayan da azurfa, ko a yanka ganyen zinariya a dasa cikin baƙin fentin ƙaron itace, ko a jera ɓawon katantanwar teku mai sheƙi. Mafi kyawun waɗannan ba daga ƙarƙashin ƙasa aka tono su ba. Suna taskar Shosoin a birnin Nara na Japan, inda aka fara ajiye kayan Sarki Shomu a 756.

Birnin Yangzhou ne cibiyar sana'ar a lokacin. Daga shekara ta 729 aka mayar da ranar haihuwar Sarki Xuanzong biki, madubi ya zama kyautar da ake musaya tsakanin sarki da fadawansa. An daɗe ana karanta labarin madubin da ake zubawa a cikin jirgi a tsakiyar kogi a Yangzhou, har wasu suka ɗauke shi zancen mawaƙa. Sai a 1998 masunta suka gano wani jirgin ruwa da ya nutse kusa da tsibirin Belitung na Indonesiya wajen shekara ta 830, jirgi ƙirar Larabawa wanda aka ɗinke katakansa da igiya. Yana ɗauke da tangaran kusan 60,000 da madubin tagulla 29. Ɗaya daga ciki yana da rubutu cewa an yi shi a Yangzhou, a tsakiyar kogin Yangzi, a shekarar sarauta da ta yi daidai da 758. Kayan suna Singafo yanzu. A matsayinka na ɗan kasuwa za ka ji daɗin sanin cewa madubin nan haja ce ta fatauci tun da can. An sami na zamanin Han a kaburburan Tillya Tepe a arewacin Afganistan a 1978. Tarihin Sin ya rubuta cewa sarkin Wei, wata daula a arewacin Sin, ya aika wa Sarauniya Himiko ta Japan madubi 100 a ƙarni na 3, kuma har yau masana suna jayayya ko wani irin madubi mai baki mai kusurwa uku, wanda aka samu fiye da 500 a Japan, 33 a kabarin Kurozuka kaɗai, shi ne wannan kyauta ko kuwa a Japan aka ƙera shi.

Bayan Tang sai ƙarfen ya fara sauka. Daular Song, daga 960 zuwa 1279, tana buƙatar jan ƙarfe don buga kuɗi, gwamnati ta matsa a kan amfani da shi. Kuza ta ragu, dalma ta ƙaru, madubi ya yi laushi ya koma ja-ja, zane ya baje. Da yawa ba su da ado sam sai hatimin shago, kamar na gidan Shi a Huzhou, wasu har da farashi bisa nauyi. A arewa, ƙarƙashin daular Jin, sai hukuma ta duba madubi ta karta shaidarta a bakinsa. A zamanin Ming tutiya ta shigo cikin haɗin. Daga ƙarshe madubin gilashi ya zo ta hannun fataken Turai, mafi yawa ta wannan Guangzhou da kake zuwa, kuma zuwa ƙarni na 19 ya ture na tagulla daga ɗakunan mata.

Batun saye kuwa, shawarata kada ka saya a matsayin tsohon kaya. Abin da ke hannun mai shagon ɗaya ne daga cikin uku. Mafi rinjaye sabo ne, an zuba shi kwanan nan, an jiƙa shi da ruwan guba ko an binne shi a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ko an manna masa koren gari da gam. Ko kuwa kwafi ne mai ɗan shekaru, domin tun zamanin Song da Ming ake danna tsohon madubi a yumɓu a zuba sabo; irin wannan zanensa yakan dushe, ya ɗan fi na asali ƙanƙanta saboda ƙarfe yana tsukewa in ya huce, launinsa ya karkata zuwa rawaya. Ko kuma na gaske ne, wanda shi ne ya fi hatsari. Dokar ƙasar Sin ta ce duk kayan tarihi da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne, kuma an hana fitar da abin da aka yi kafin 1911. Kwastan suna iya ƙwace shi su kuma tsare ka. Bayan doka akwai asarar da ta fi damuna: madubin da ɓarayin kabari suka fizgo ya rabu da labarinsa. Ba a san na wa ba ne, ba a san da me aka same shi ba, ba a san shekarar ba. Wani madubi mai inabi da aka samu a kabarin Takamatsuzuka a Japan an iya kimanta zamaninsa ne saboda an sami tagwayensa a wani kabari a Xi'an mai shekarar 698. Da ɓarawo ne ya riga kai hannu, da wannan ilimi ya tafi.

Akwai alamomin da masana ke dubawa. Madubin Han ko Tang na gaske idan ya ɓantare, cikin ƙarfen fari-fari ne mai toka-toka. Layukan zanensa kaifafa ne har ƙasa. Tsatsarsa hawa-hawa take, ta ci cikin ƙarfen, sau da yawa da ja-ja a ƙarƙashin kore, ba ta goguwa da auduga da sinadarin cire fentin farce. Wasu na gaske ma ba kore ba ne, baƙi ne wuluk mai santsi, saboda ƙasar da suka kwanta ta tsotse jan ƙarfen saman ta bar kuza. Na'urar gwada ƙarfe idan ta nuna tutiya da yawa a madubin da aka ce na Han ne, magana ta ƙare. Amma ƙwararrun masu jabu sun san duk wannan, suna daidaita haɗin, har su haɗa gutsattsarin tsoho da sabo. Ba abin da za ka tantance a tsaye a shago ba ne. Shagunan gidajen tarihi suna sayar da kwafi masu kyau da aka bayyana cewa kwafi ne, wasu an goge fuskarsu har za ka ga kanka. Ka sayi wannan, ka riƙe rasit saboda filin jirgi.

Idan kuma wani tsohon abu na tagulla ya riga ya shigo hannunka ta halal, kada ka wanke shi da toka ko lemun tsami ko yashi, kada ka shafa masa mai. Tsatsa mai tauri da santsi kariya ce, a bar ta. Wadda ake tsoro ita ce koriya mai haske da take tasowa kamar gari, kana sharewa tana dawowa. Gishirin ƙasa ne da ya shiga ƙarfen yake haɗuwa da damshi yana cinsa daga ciki, kuma damina tana hanzarta shi. Ka ware abin daga sauran ƙarafa, ka sa shi a akwati mai rufi tare da ƙullin nan masu shanye damshi da ake samu a kwalin takalmi ko na magani, ka riƙa taɓa shi da safar hannu, sannan ka nemi mai gyaran kayan tarihi a gidan tarihi mafi kusa da kai.